Makiyayi a Bakin Walida

Makiyayi ba ya ƙara, ba ya sa zafi, ba ya ma barin yaro ya tuna yana ɗauke da shi. Wani ɗan faifai ne garai-garai, kaurinsa bai kai ɓawon albasa ba, ana manna shi a ganɗar yaro da zarar ya fara famfara. A allon da ke gaban Dakta Barira, madubin-ƙashi ya buɗe bakin wani yaro ɗan shekara bakwai tun daga leɓe har cikin muƙamuƙi. Ga haƙoran nono suna girgiɗi, ga manyan can cikin ƙashi a kwance, kowanne na jiran lokacinsa. Ɗaya daga ciki ya karkace, ya nufi gurbin maƙwabcinsa. Nan da nan wani ɗigon haske kore ya sauka a kansa, faifan ya aika masa da 'yar jijjigar da ko sauro ba zai ji ba, ya dakata, ya sake aikawa. Ba tura shi yake yi ba, lallashinsa yake yi. Kafin damina ta wuce, haƙorin nan zai fito a inda ya kamata, yaron kuwa yana can yana tsotsar rakensa bai san an yi ba.

A zamanin da, sai an jira haƙora sun gama fitowa a hargitse, wannan ya hau kan wannan, na sama sun ƙi haɗuwa da na ƙasa, sannan a ɗaure bakin yaro da waya shekara da shekaru. Barira ce ta ce me ya kai mu jira? A tari haƙorin tun yana hanya. Ita da abokan aikinta a Cibiyar Haƙoran Yara ta birnin Sabon Gulbi suka ƙera faifan, suka raɗa masa wani dogon suna da ba wanda ya iya riƙewa. Wata tsohuwa ce da ta rako jikanta ta saurari bayanin har ƙarshe, ta riƙe haɓa ta ce, "Au, ashe kiwon haƙoran yake yi!" Shi ke nan, Makiyayi ya bi shi.

Amma fa kada ka ɗauka da daɗi aka fara. Makiyayi na farko bai san wushirya ba. Duk inda ya ga 'yar tazara tsakanin haƙoran gaba, a wurinsa aibi ne, sai ya bi a hankali ya liƙe ta. A Sabon Gulbi kuwa, birnin da motoci ke tuƙa kansu, ake shuka kuɓewa a saman benaye masu hawa arba'in, ka taɓa komai a yafe maka, ban da wushirya. Iyaye mata suka cika cibiyar da mita. Wata ta ce kaf danginsu da wushirya aka san su, yanzu an mayar mata da 'ya sai ka ce 'yar maƙwabta. Barira, wadda ita kanta ba ta da ita kuma tun tana yarinya take jin haushin hakan, ta ga gaskiyarsu. Ta zauna ta koya wa Makiyayi sabuwar ƙa'ida: tazarar da ke haƙoran gaba ado ce, a kiyaye ta. Ta kuma ƙara wani tsari da aka kira gado. Iyaye na iya ɗauko hoton motsi na wani ɗan'uwa daga taskar gidansu, su miƙa wa Makiyayi, shi kuma ya auna bakin mutumin yana magana ko dariya, ya kora haƙoran yaron su bi wannan fasali, muddin cizon zai zauna daidai. Kai, mutane sun yi murna da gado!

Ana nan sai wani abu ya ɓullo mai ɗaure kai. Aka fara kawo yara waɗanda haƙorin nononsu na gaba ya faɗi tun tuni, amma babban ya ƙi fitowa. Sauran haƙoran duk sun jeru reras, gwanin sha'awa, sai gurbi ɗaya fayau. In an haska da madubin-ƙashi, ga haƙorin nan lafiya lau, fari tas, yana kwance a ƙarƙashin dasashi. In an tambayi Makiyayi, amsarsa ɗaya ce a allo: aiki na tafiya daidai. Kakanni dai ba su sha wahalar bincike ba, suka ce ƙadangare ne ya ga giɓin. Barira ta yi dariya, ta ce a hawa na talatin wane ƙadangare ne zai hau lifta? Amma dariyar iyakarta leɓe, domin 'yarta Walida na cikin yaran.

Walida 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Haladu, mijin Barira, aka mayar mata, shi ya sa ake sakayawa da Walida. Barira likita ce, ta zaga duniya, amma alkunyar nan ba ta sake ta ba. Ba ta kama sunan yarinyar na yanka, ba ta rawar jiki a kanta a gaban mutane, komai nata sai ta ce, "Tambayi babanki." Tana leƙa bakin 'ya'yan mutane daga safe zuwa la'asar, amma na 'yarta sai ta kawar da kai. Ko ranar da aka sa wa Walida Makiyayi, Haladu ne ya kai ta, abokin aikinta ya manna. Saboda haka ta daɗe tana ce wa kanta jinkiri ne kawai, kowane yaro da lokacinsa. Ranar da ta daure ta haska bakin yarinyar, sai ta ga abin da take gudu. Ta san abin da sauran iyayen ba su sani ba. Kowane haƙori yana da wani siririn zare mai laushi da ya kewaye saiwarsa, shi ne ke ba shi damar motsawa. In haƙori ya daɗe a binne ba motsi, zaren nan yakan shanye, saiwar ta haɗe da ƙashi su zama abu guda. Daga nan ko me za a yi, ba zai fito ba. Zaren haƙorin Walida ya fara sirancewa.

Ta bi ruwan famfon unguwanni, ba komai. Ta bi abincin makarantu, ba komai. Ta duba ko faifan wata masana'anta ce guda ta lalace, ta tarar kowane yaro da inda aka buga nasa. Wani abokin aiki ya ce a cire wa yaran Makiyayi a gani. Ta ce a'a, shi kaɗai ne mai kiran haƙorin, in an cire shi wa zai kira? Abin ya zame mata kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Tsoro na nan, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani son sani da ya hana ta zama: me ya haɗa ɗan mai gyaran injin ruwa na Unguwar Tudu da 'yar alƙali ta Bakin Dam da 'yarta ita?

Sai ta ce a tara mata su gaba ɗaya wata safiya, ko idonta zai ga abin da na'ura ba ta gani ba. Zauren jira ya cika da yara masu giɓi, suna ta guje-guje suna tsokanar butum-butumin da ke share ƙasa. Wata uwa da abin ya ishe ta ta daka tsawa.

"Ummi! Za ki zauna ko sai na taso?"

Yara mata wajen biyar suka zube a kujeru a lokaci guda. Zauren ya kwashe da dariya. Wani uba da ke gefe ya ce bari shi ma ya gwada sa'arsa, ya ce, "Abba, zo nan!" Sai ga samari ƙanana sun nufo shi a guje, har da wanda bai taɓa gani ba.

Barira na cikin dariya ta tsaya cak. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ga su Ummi, ga su Abba, ga Baffa, ga wata 'yar mitsitsiya da ake ce wa Hajiya. Babu ko ɗaya da ake kira da sunansa na yanka. Ta matsa kusa da matar da ta yi tsawar.

"Maman Ummi, sunan wa aka mayar mata?"

"Sunan mahaifiyata ne, Dakta. Allah Ya jiƙanta."

"Amin. Da aka sa mata Makiyayi, kun ba shi gado?"

"Ƙwarai kuwa. Mai sunan tata muka ba shi, wa za mu ba shi in ba ita ba? Tunda ta ci sunan, ai sai ta haɗa da murmushin."

"Hoton yana tare da ke?"

Matar ta shafa awarwaron hannunta, hoton ya tashi a iska tsakaninsu. Wata dattijuwa ce a kan tabarma, jikoki sun kewaye ta, tana ba su labari tana dariya. Haƙoranta sun yi ja da goro. A sama, ɓangaren hagu, haƙori ɗaya babu. Barira ta durƙusa ta ce wa Ummi ta buɗe baki. A sama, ɓangaren hagu.

Ta bi sauran iyayen ɗaya bayan ɗaya. Kowa kakan yaron ya bayar, kuma kowa hoton tsufa ya bayar, domin shi ne wanda ya fi sabawa da shi, shi ne fuskar da yake kewa. Wa ke tuna uwarsa tana budurwa? Yaran da kakanninsu suka tsufa da haƙoransu cif ba su sami matsala ba, shi ya sa ba a taɓa zargin gado ba. Amma inda kaka ta rasa haƙorin gaba, sai Makiyayi ya ga tazara, ya tuna ƙa'idar da Barira ta koya masa da bakinta, cewa tazarar gaba ado ce, a kiyaye ta. Ba wanda ya gaya masa iyakar faɗin ado. Da ya auna ya ga faɗin ya kai na haƙori guda, sai ya nemi hanya mafi sauƙi: ya daina kiran wannan haƙorin, ya riƙa ƙarfafa dasashin da ke kansa. Ashe bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Aikin da aka ba shi yana tafiya daidai.

Nan take ta sa aka ɓamɓare faifan daga bakin kowane yaro, aka aika wa duk asibitocin birnin su dakatar da gado. Na Walida ita ta cire da hannunta, karo na farko da ta sa yatsa a bakin 'yarta a gaban mutane, ba ta kuma damu da wanda ke kallo ba. Sannan ta kama hannun yarinyar suka hau jirgin igiya zuwa gida, rana tsaka.

Haladu injiniyan jiragen igiyar ne, ranar yana hutu. Suka same shi a falo da yayarsa, Yaya Dije, wadda ta zo wuni. Shi ne autan gidansu, Yaya Dije kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta goya shi. Barira ta gaishe ta, ta tura Walida ɗaki, sannan ta juya ga mijinta.

"Baban Walida, hoton Inna da ka ba Makiyayi, ina so in gani."

"Yau kuma? Sau nawa na ce ki zo mu kalla kina cewa aiki?" Ya yi murmushi ya taɓa bango. Barira ba ta riski surukarta da rai ba. Hoton da ta sani shi ne wanda ke rataye a falon, Inna ta yi lulluɓi, baki a rufe.

Bangon ya haska. Ga Inna a tsakar gida tana tankaɗe, wani daga bayan kyamara yana tsokanarta, ta ɗago ta tuntsire da dariya. Fuska ce mai daɗin kallo, irin wadda in ta yi dariya sai ka taya ta ko ba ka ji abin da aka faɗa ba.

"Kin gani?" in ji Haladu, muryarsa ta yi laushi. "Duk unguwarmu ba mai wushiryar Inna. Ita na so Mamana ta gada."

Yaya Dije ta ajiye kofin kunun da ke hannunta. "Wushiryar wa?"

"Ta Inna mana, Yaya."

"Kai, Auta! Inna ba ta da wushirya. Haƙori ne ya fita."

"Haba Yaya, wane irin haƙori? Tun da na buɗe ido haka na gan ta."

"To ai shi ya sa. Da cikinka ya fita. Laulayinka ya ba ta wuya, ba ta iya riƙe komai a ciki, dasashinta ya yi ta jini. Wata safiya tana asuwaki sai ga shi a hannunta. Ni na ɗebo mata ruwan kurkure baki. Kafin nan haƙoran Inna a jere suke kamar ƙwayar masara, ko allura ba ta ratsawa." Ta dube shi, ta dubi Barira. "Wai me ake ciki ne? Na ga fuskokinku sun canja."

Barira ta yi musu bayani a taƙaice. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da bakin ɗagawa. Shi ya miƙa hoton, amma ita ta koya wa na'urar abin da za ta yi da shi, kuma hoton motsin nan yana cikin taskar gidanta shekara da shekaru ba ta taɓa zama ta kalla ba. Haladu ya zauna a hannun kujera, ya ce, "Amma zai fito ko? Tunda an cire, ai zai fito?"

"Za mu gani," in ji ta.

Aka gyara Makiyayi, aka koya masa bambancin ado da rashi, aka mayar wa yaran. Haƙoran da aka tsare suka fara amsa kira. Na Ummi ya ɓullo, uwarta ta aiko wa Barira da ƙwaryar fura. Na su Abba suka ɓullo, na 'yar Hajiya ma ya leƙo. Kusan kullum sai an shigo da yaro yana washe baki yana nuna wani ɗan farin abu a dasashi, Barira ta yi masa barka da zuciya ɗaya, sannan ta koma ofis ta buɗe hoton bakin 'yarta.

Walida ce yarinya ta farko da aka yi wa gado a duk birnin. Da gangan aka yi hakan, don mutane su ga likitar ta yarda da abinta har ta sa wa 'yar cikinta. Saboda haka nata haƙorin ya fi na kowa daɗewa a tsare. Ɗigon haske kore ya sauka a kansa, ya yi jijjiga, ya dakata, ya sake, makonni suna wucewa. Rannan Barira ta ƙara girman hoton har saiwar ta cika allon, ta nemi siririn zaren nan sama da ƙasa. Babu shi. Haƙori da ƙashi sun zama ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa, lafiyayye, kyakkyawa, ba ko ɗigon tsatsa, sannan ta kife kai a tebur ta yi kukan da alkunya ta hana ta yi a gida.

Akwai dashe, ta gaya wa Haladu, kuma na zamanin nan ba a bambanta shi da na halitta. Amma ba a dasa wa yaro sai muƙamuƙinsa ya gama girma, in ba haka ba sauran haƙoran su yi gaba su bar shi a baya. Na roba kuwa da ake maƙalawa, ba ya zama tare da Makiyayi, kuma sauran haƙoranta suna bukatar Makiyayin. Ke nan da giɓin za ta gama firamare, da shi za ta yi 'yanmatancinta. Abin da ya fi ci wa Barira rai shi ne, da ba su taɓa bakin yarinyar ba sam, da haƙorin ya fito da kansa. Wataƙila a ɗan karkace, wataƙila ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, amma da ya fito. Sun ƙera abin da ke jin motsin haƙori a cikin ƙashi, ba su tsaya sun tambayi yarinyar ko tana son bakin wani ba.

Wata la'asar Walida ta dawo daga makaranta rai a ɓace, ta ajiye jaka ta raɓe a gefe. Sa'o'inta duk sun cike giɓinsu, ita kaɗai ta rage, kuma yara ba su iya ganin abu su yi shiru. Haladu ya lura. Ya tashi ya shiga kwaikwayon yadda butum-butumin tasharsu ya rikice da safe, yana yi wa kowane fasinja barka da sallah a tsakiyar watan Safar. Ya sanƙarar da hannuwa, ya maƙale murya, ya rusuna wa kujera, ya rusuna wa firij. Barira ta yi dariya daga ƙofar kicin. Walida ta cije, ta cije, dariyar ta ci ƙarfinta. Tana tuntsirewa sai hannunta ya tashi da kansa, ya jawo gefen hijabinta ya rufe bakin.

Haladu ya tsaya a yadda yake, hannuwa a sanƙare.

"Haka Inna take yi," ya ce a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba. "In mun yi baƙi, haka take yi. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka kunya ce."

Ya durƙusa a gaban yarinyar, idonsa ya kawo ruwa.

"Mamana, sauke hannunki. Ni ne fa."

"Na sani, Abba," ta ce daga bayan hijabin.

Ba ta sauke ba.